Sauran Yadi Biyu

Ni dai tun da na buɗe ido a duniya siririya ce, kuma har yau da na aurar da 'ya ban yi auki ba. A zangonmu na Kumasi kuwa siranta ba halitta ba ce, laifi ne da sai mutum ya yi bayaninsa. Sai in fito da safe lafiyata ƙalau, wata tsohuwa ta tare ni a bakin famfo, ta kama min wuyan hannu tana jujjuyawa, ta ce, "'Yar nan, me ke cin ki ne? Ko maigidan ne ba ya ajiye cefane?" Bawan Allah, ya sha zagi a kaina bai ji ba bai gani ba. Na sha maganin ƙiba na asibiti, na sha na masu tallar ganye a mota, na sha fura da madara har sai da na tsani warinsu. Ko a jikina, wai kuma a zahiri.

Ƙanwata kuwa, autar ɗakinmu, uwa ɗaya uba ɗaya, a kwano ɗaya muka ci tuwo, amma ita Allah Ya zuba wa jikin gidanmu gaba ɗaya. Wuya layi-layi, damtse cike da hannun riga, in ta taho sai ka ji unguwa ta san wani ya taho. Auta muke ce mata a gida, amma a waje Hajiya ce. Ko filin jirgi ba ta taɓa takawa ba! Ni da na je Makka na dawo, har da haƙorina na shaida, sai na yi dariya da gangan kafin a tuna. In muka tsaya jiran tirotiro, motar hayar nan, tare, yaron mota zai buɗe mata ƙofar gaba yana cewa, "Hajiya, bismilla," ni kuma ya nuna min lungun baya ya ce, "Sista, matsa ciki, wurin zai ishe ki." Ya cusa ni tsakanin buhun rogo da gwiwar wani ƙato, alhali na girme ta da shekaru.

Shinkafa da wake nake sayarwa a bakin titin Sofoline, kuma ba yabon kai ba, duk layin nan babu mai shito, soyayyen yajin nan, irin nawa. Amma ranar da Auta ta biyo ta zauna a bencina tana hira, ranar tukunya ke ƙarewa tun hantsi. Wani direba Batone, wato ɗan ƙabilar Asante, ya taɓa nuna ta da cokali ya ce wa abokinsa, "Ka ga madam ɗin? Shaidar abincin ke nan." Ni da na tashi tun asuba na sha hayaƙi ina tsaye da ludayi a hannu, yarinyar aiki ya ɗauke ni. Ita kuwa ko gishiri ba ta saka ba, ta yi murmushi ta karɓi yabon.

Ina son Auta, wannan ba a tambaya. Amma ina kishinta, kishi mai zafi. Kuma tun muna 'yan mata na yanke wa kaina hukunci cewa mai jiki ba shi da damuwa. In ta ce gwiwa na damunta, in ce yanga ce. In yaran unguwa suka bi ta suna "obolo, obolo," wato tulelen mutum, ta juyo ta yi musu dariya, sai in ce to ai ga shi nan, magana ba ta ratsa kitse. Haka na riƙa gaya mata duk abin da ya zo bakina, tana dariya, ina ƙara yarda da kaina.

Yanzu ga inda zancen yake. Kowane biki a zango da yayinsa, wato atamfa iri ɗaya da masu biki ke fitarwa, dangi da ƙawaye kowa ya ɗinka. Yadi shida ake yankar wa kowace mace, babba da ƙarama, siririya da mai jiki. Ni a yadi shidan nan nake fitar da riga kaba da siket da ɗankwali, a bar kusan yadi biyu. Auta kuwa shida ba sa rufe ta. To tun mahaifiyarmu na da rai aka saba, telarmu da ke Dichemso, wadda ke mana ɗinki tun muna 'yan mata, in ta yanka nawa sai ta ɗauke sauran ta haɗa da na Auta. Ba a tambayata. Ba a taɓa tambayata ba, kuma Auta ba ta taɓa buɗe baki ta ce min na gode ba. Ranar biki ta fito ta cika rumfa, mata na ta "Kai, Hajiya, yayin nan don ke aka yi shi," ni ina gefe kamar an rataya riga a jikin ƙusa. Da zanena ake yabonta, wannan shi ne abin da ya daɗe yana ci na.

Da auren 'yata ta fari ya taso, dangin ango suka zo daga Bantama gaisuwa. Mata ne dattawa, sun sha ado. Suka shigo suka tarar da ni a tsakar gida ina kwashe shanya, suka ce min "sannu da aiki" a tsaitsaye, suka wuce kai tsaye wurin Auta da ke zaune a kan tabarma a baranda. Suka zube suna gaisuwa, "Hajiya, mun zo neman iri." Babbarsu har da cewa, "Alhamdu lillahi, mun ga uwa, hankalinmu ya kwanta. Yarinyar ma in ta zauna za ta ciko." Auta ta yi maza ta ce, "A'a, ga uwar amarya can, yayata ce." Suka waigo suka dube ni daga sama har ƙasa, sannan babbar ta ce, "Ayya. Allah Ya ƙara lafiya." Lafiya! Wa ya ce mata ba ni da lafiya?

Ni na zaɓi yayin da kaina a kasuwar Kejetiya, shuɗi mai manyan furanni ruwan ƙwai. Mai shagon ta ce abin da ya rage mata ke nan, kuma ba a sake kawo irinsa. Na kwashe duka, aka yanka aka rarraba, kowa da shidansa, bai bar ko ƙyalle ba. Na ɗauki nawa na nufi Dichemso.

Tela ta ɗauko awo ta rataya a wuya, ta ce, "Uwar amarya, irin na kullum?"

Na ce, "A'a. Wannan karon duka shidan za ki ɗinka min a jikina."

Ta sauke tabarau ta dube ni. "A jikin wa?"

"A jikina. Ki yi min hannu mai kumburi, ki yi tattara a ƙugu hawa-hawa, siket ɗin ma ki jera masa tattara har ƙasa. In ya rage ki ƙara a ɗankwali. Bikin 'yata ne, ina so in na zauna a san na zauna."

Ta ce, "To na Auta fa? Kin san nata ba zai kai ba."

Na ce, "Auta ba yarinya ba ce. Kasuwa a buɗe take."

Na san sarai babu shi a kasuwa, ai ni na kwashe. Tela ta buɗe baki za ta yi magana, na ce in ba za ta iya ba akwai teloli a Kumasi. Ta sa almakashi.

Bayan 'yan kwanaki Auta ta zo wurin sana'ata da yamma, ina wanke tukwane. Ta zauna a benci tana haki, ta ce, "Yaya, tela ta ce wai wannan karon babu saura."

Ban ko ɗago ba na ce, "Babu. Ni ma ina da jikin da zan rufe."

"To ni yaya zan yi? Kin san ni zan kai yarinyar nan ɗakinta."

Haka ne kuwa. A wurinmu uwa ba ta raka 'yarta gidan miji, ƙanwar uwa ce ke riƙe hannun amarya ta shigar da ita, ta damƙa ta ga surukai. Kuma 'yar nan tawa a bayan Auta ta girma, lokacin da nake fita sana'a tun duhu. Mma Ƙarama take ce mata, kuma tun tana 'yar mitsitsiya take cewa ita za ta kai ta.

Na ce, "Sai ki rage loma kafin ranar, ko shidan sa ishe ki kamar kowa."

Ta yi dariyar nan tata, har kafaɗunta na rawa, ta ce, "Kai, Yaya, bakinki!" Ta ɗan ƙara zama, ta tashi ta tafi. Na bi ta da kallo na ce a raina, ka gani ko, ko gezau. Ma ga yadda Hajiya za ta yi.

Daga baya tela ta ba ni labarin cewa Auta ta bi Kejetiya layi-layi da ƙyallen atamfar a hannu, ta je Bantama, ta bi 'yan uwa gida-gida ko wata na da saura, amma kowa ta riga ta ɗinka nata. Tela ta ce a sa mata wani yadi shuɗi a gefe da gefe a cike, Auta ta ce a'a, duk wanda ya ga ƙarin ya san dalilinsa. A lokacin ban san wannan ba, ban kuma tambaya ba. Hidimar biki ta sha min kai, kuma gaskiya ba na son in sani.

Ranar biki na saka kayana. Jama'a, nauyi! Tattara a kafaɗa, tattara a ƙugu, tattara a gwiwa, ga ɗankwali kamar an kifa min kwando. Kafin azahar gumi ya jiƙa ni sharkaf. Amma da na dubi madubi na ga mace ta cika shi daga gefe zuwa gefe, sai na ji wani sanyi a raina. Na fito rumfa ina taku ɗaiɗai, na zauna a kujerar gaba, na baza siket.

Kowace mace ta zo gaishe ni, kafin ta miƙe sai ta ce, "Ina Hajiya?" Wata ta ce, "Ina Hajiyar gidan, ba mu gan ta ba?" Har mai kiɗa sai da ya tsaya da waƙa yana cigiyarta a lasifika. Wato ko ba ta nan ita ce a rumfar. Na cika na yi fam, na ce wa wata ƙawata, "In Hajiya suka zo gani su tashi su bi ta, ni bikin 'yata nake yi."

Bayan la'asar motocin kai amarya suka iso. Aka ce amarya ta ƙi fitowa daga ɗaki. Na shiga na same ta a bakin gado cikin lulluɓi, ƙawaye sun kewaye ta. Ta ɗaga mayafi ta ce, "Mma, ina Mma Ƙarama? Tun safe ban gan ta ba. Ni ba inda za ni sai da ita."

Na fita nema, raina a ɓace, ina cewa yau kuma wane salon jan hankali ne wannan. A bayan gida na same ta, inda aka kafa murahun biki. Masu girki sun gama sun tafi kallo, ita kaɗai ce zaune a kan turmi da aka kifa, da tsohon zane da wata riga ta zaman gida, fuskarta duk toka. Ashe tun asuba tana nan, ita ta tsaya a kan duk abincin da aka ci a rumfa. Ƙafafunta sun kumbura har silifas ya nutse a ciki. A gefenta ga leda, shuɗin yayi na leƙowa.

Na ce, "Auta, wane irin wulaƙanci ne wannan? Motoci na jira, yarinya na kuka, ke kina nan kin tasa tukwane a gaba?"

Ta jawo ledar ta zaro rigar, ta ɗaga min ita da hannu biyu. An yi ɗinki mai kyau, tela ta yi iya yinta, ta bar ɗankwali ɗan siriri don ta samu na ƙari. Amma ko ni da ke tsaye na ga bayan rigar ba zai haɗu ba, tazarar ta kai tafin hannu.

Na ce, "To ki sa wani kayan mana. Kina da leshi, kina da shadda. Ke da komai kika sa sai an yaba."

Ta ce, "In shiga gidan surukai, mata hamsin da yayi, ni kaɗai babu? Kafin in zauna kowa ya san dalili. Za su ce min Hajiya kin fita daban, in na juya baya su ce atamfar ce ta ƙare a kanta." Ta ninke rigar a kan cinyarta. "Kina ji ai ana ce min Hajiya. Abin da ke biyo baya ne ba kya ji, don ke ba a yi da ke. Ni ina ji, Yaya. Duka nake ji."

Na ce, "To ai dariya kike yi kullum."

"To me zan yi? In yi kuka a tashar mota?" Ta share fuska da gefen zane. "Ke da muka tashi ɗaki ɗaya, gaya min, yaushe rabon da ki ga na ci abinci a gidan biki?"

Na bi bukukuwa da sunaye da zaman makoki a kaina, ina ganinta tana zuba wa mutane, tana miƙa kwano, tana cewa ita ta ƙoshi. Ko a bencina na Sofoline ban taɓa ganin ta kai loma baki ba. Kullum sai dai ta ce in ƙulle mata a ganye ta tafi da shi gida, ni kuma in ce a raina kaɗan ne ba zai ishe ta a nan ba.

Ta ce, "Kuma na san abin da ke cin ki, ban taɓa yi miki godiyar sauran yadin ba. Kunya ce ta hana ni. In na ce na gode, na faɗa da bakina ke nan cewa abin da ke isar kowace mace ni ba ya isata. Na ɗauka kin gane, shi ya sa ke ma ba kya tayar da zancen. Ashe lissafi kike yi."

Wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Na ce, "Tashi. Tela na cikin rumfa, yanzu a farke tattarar nan a ƙara miki." Na kama tattarar ƙuguna na fara ja, zare na tsinkewa. Na aika aka kira tela, ta zo da gudu tana riƙe da ɗankwalinta. Ta kama tattarar da na farke ta miƙe ta a tsakanin hannayenta, sai ga ta siririya, faɗinta bai fi yatsu huɗu ba. Ta ce, "Uwar amarya, ai a yanke suke. Duk haka na tsattsaga su. Ko na jera goma ba za su zama bayan riga ba, ga furannin duk an raba su biyu." Ta dubi ɗankwalina, ta ce shi ma haɗe-haɗe ne. Babu yanki ɗaya a jikina da zai yi wa Auta amfani.

Auta ta dube ni da tattara na reto a ƙugu, sai ga dariyar ta dawo, amma ƙarama. Ta ce, "Kada ma ki ɗauka jikinki nake so, Yaya. Allah Ya kiyaye, iska ta ɗauke ni a Kejetiya? Nawa nake so, a bar ni da shi kawai." Sannan ta ce, "Je ki ce wa yarinyar ƙafata ce ta kumbura. Ba ƙarya kika yi ba."

Na roƙe ta. Ni da ban taɓa roƙon Auta komai ba, na durƙusa a cikin toka da yayina na roƙe ta. Ta ce in tashi kada in ɓata kayan, amma ba za ta ba.

Ƙanwar mahaifin yarinyar ce ta riƙe hannunta. Da aka fito da ita tana ta waige ta cikin mayafi, har bakin mota tana cewa a ɗan jira, Mma Ƙarama na zuwa. Na matsa na ce mata ƙafa ce ta hana ta. Ta ɗaga mayafin ta dube ni, ta dubi kafaɗuna da ƙuguna da duk abin da na tara a jikina, sannan ta sake shi. A gidan telar tamu ta yi nata awon, ta san komai. Aka rufe ƙofa, motoci suka tashi, mata na guɗa.

Ina nan tsaye a ƙofar gida, na soke tattarar da ta farke a cikin ƙugu, sai ga babbar dangin angon nan, wadda ta yi min addu'ar lafiya, ta tsaya jiran motar ƙarshe. Ta kama hannuna ta ja baya tana kallona, ta ce, "Kai, Hajiya! Ashe kina da jiki haka? Wallahi kin ciko, bikin nan ya karɓe ki."

Shekara nawa ina jiran wani ya faɗa min wannan maganar. Kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗinta, na ji daɗinta har cikin raina, har na yi mata murmushi haƙorina ya fito. Ta shiga mota ta tafi gidan da aka kai 'yata, ni kuma na tsaya a wurin ina jiyo Auta a bayan gida tana kankare ƙanzon tukunya.